Sabulu a Kwalaben Gwaji

Abbey Wood, Landan
Talata

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ya jikin Abba, ya kuma ƙafar taki?

Umma, a tsorace nake rubuto miki. Kin san aikina: na'urarmu tana auna nauyin furotin sukutum, ba tare da an daddatsa shi ba. Kafin a zuba shi sai mun tace shi tas, domin ɗan gishirin da harshe ma ba zai ji ba ya isa ya ɓata awon. To tun jiya ba furotin da ya fito, sai wasu layuka reras a allon na'urar kamar haƙoran matsefi. Shugabanmu, Dokta Mordecai, kallo ɗaya ya yi ya ce sabulu ne, har ya shige bututun na'urar, sai an yi mako biyu ana wanke ta.

Nan take aka ɗora laifin a kan Baba Sualihu, dattijon Kumasi da ya shekara goma sha ɗaya yana kula da kwalabenmu. Ranar Juma'a za a zauna a kansa.

Umma, ni ce. Na ga kwalaben sun yi dusu-dusu, hannuna ya yi ƙaiƙayi, na wanke su da sabulun kwanuka, na ɗauraye sau uku yadda kika koya min. Ashe waɗannan ba a kai musu sabulu. Watana uku kacal a nan, kuma takardar zamana a kan aikin nan ta rataya. 

'Yarki,
Asama'u

Alhamis

Umma,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Yau na tarar da Baba Sualihu yana naɗe dardumarsa, yana haɗa 'yan kayansa. Ya buɗe jaka ya nuna min robar sabulun da na manta a bakin famfo. Ashe tun Litinin ya ɓoye ta. Wai shi ya ci zamaninsa, ni ko yanzu na fara. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na karɓe robar. Gobe da ƙarfe tara zan ajiye ta a teburin Dokta Mordecai, kafin su zauna. 

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Abba. Ki kuma ce wa ƙanwata Ikram kada ta kwashe kayana daga ɗakin tukuna, wataƙila in dawo gida.

'Yarki,
Asama'u