Man da Na Kai wa Inna Tsaraba

Zuwa ga Hajiya mai shagon kayan gyaran fata, shagon nan da yake kallon wurin wankin mota a hanyar fita Kiyawa, cikin garin Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Hajiya, don girman Allah, fuskar da tun tana yarinya ake wanke ta da ruwan rijiya da sabulun salo, a shafa mata ɗan man shanu, har mai ita ta haifi 'ya'ya ta fara furfura ba ta taɓa ko ƙurji ba, me ta rasa da sai an gyara ta? Tambaya nake yi don ban sani ba, ba rashin kunya ba ce. Ke kika san wannan harka. Ni aji uku na yi a makarantar 'ya'yan makiyaya aka cire ni na koma bin shanu.

Ki yi haƙuri na fara da tambaya ban gaishe ki ba. Ina wuni, ya iyali, ya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi. Sunana Juli. Ni ne dogon yaron nan da yake wanke miki mota, wanda kike ce wa Ɗan Fulani. Daga wata ruga nake a bayan Kiyawa, kuma bana na zo Dutse, bayan ƙaramar Sallah, har yanzu ban gama sanin hanyoyin garin ba. Na yi ta zuwa shagonki ana ce min kin fita, alhali ga motarki a ƙofa, ni na wanke ta da hannuna. Shi ya sa na rubuta a nan inda kike saka hotunan kayanki a waya, ko kya gani. In rubutun ya karkace a yi min afuwa.

Na ɗaya, yadda aka yi na saya.

Tun da na fara aiki nake ganin mata suna shiga shagonki suna fitowa, fuska sumul kamar ba su taɓa shiga rana ba. Sai in tuna mahaifiyata, Inna. Nono take sayarwa a Kiyawa, a gindin bishiyar da take kusa da tasha. Da ƙafa take zuwa da ƙwarya a ka, da ƙafa take komawa. Rana ta dafa mata goshi da kumatu. Ni a da ban taɓa ganin hakan a matsayin wani abu ba, duk matan rugarmu haka suke. Sai da na zo birni na ji ana cewa wai fata tana mutuwa, wai sai an raya ta.

Da aka ba ni albashina na farko na tsallako titi na shigo wajenki. Na gaya miki tsohuwata zan kai wa tsaraba. Kika yi min fara'a, kika ce Allah ya yi min albarka, yaran yanzu ba sa tunawa da iyaye. Wallahi na ji daɗin maganar nan har raina. Kika haɗa min abin da kika kira saiti: sabulu baƙi, wani ruwa a kwalba, wani mai kamar da yashi a ciki na dirje fuska, sai robobi biyu farare, kika ce ɗaya na safe ɗaya na dare. Ba rubutu a jikin ko ɗaya. Kika ce haɗinki ne na musamman, ba bilicin ba ne, gyara ne kawai. Kuɗin ya cinye kusan duk abin da na samu a watan, ban damu ba.

Hajiya, ba ki tambaye ni wane aiki take yi ba. Ba ki ce min kada mai shafa shi ta shiga rana ba. Na zauna na yi ta tunani ko kin faɗa na manta, amma ba ki faɗa ba. Abin da kika yi ta nanata min shi ne a yi ta shafawa kada a tsallake rana ko ɗaya, in an ji ɗan zafi kada a damu, aiki yake yi.

Na biyu, wani abu ne game da mu da ba ki sani ba, ni ma ban yi tunanin in gaya miki ba.

Ni ɗan fari ne. A wajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce yaron nan. Ba ta kallona ido cikin ido, in na shigo gida sai ta ja mayafi ta kawar da kai. Ni ma tun da na yi wayo ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Ba ƙiyayya ba ce, haka muka taso. In akwai magana tsakaninmu sai ta bi ta wajen Goggo, yayar babana, wadda ita ta goya ni.

To kin ga ba zan iya zama gaban Inna in ce mata ki shafa wannan a kumatu, ki dirje da wancan ba. Goggo na ba wa ledar, na yi mata bayanin da kika yi min, iya abin da na riƙe. Goggo ta je ta yi wa Inna nata bayanin, iya abin da ita ma ta riƙe. Robobin biyu kuma iri ɗaya ne sak, ba wanda ya san wanne ne na safe wanne ne na dare. Mu kuma mai a wajenmu da safe ake shafa shi, in an yi wanka za a fita. Sai Inna ta riƙa haɗa su duka ta shafa kafin ta ɗauki ƙwarya, fuska da wuya da hannu, har da yawa, yadda ake yi da man shanu. Sannan ta kama hanyar Kiyawa rana tana dukanta.

Goggo ta ce wajen zanen da yake gefen bakinta ne ya fara yin ja. Daga nan kumatu suka yi kamar an watsa mata ruwan zafi. Da wata mace ce, da tuni ta jefar da shi. Amma wannan tsarabar ɗan fari ce, abu na farko da na taɓa saya mata da gumina. Ba za ta iya ajiye shi ba, kada a ce ta raina. Ba za ta iya aiko min cewa yana ƙona ta ba, kunya ba za ta bar ta ba. Kuma an riga an gaya mata zafin aiki ne. Haka ta yi ta shafawa har robobin suka kusa ƙarewa.

Abin da ya fi cin raina, na je gida a tsakanin nan. Na durƙusa na gaishe ta, ta ja mayafi ta juya min baya ta amsa. Ban kawo komai a raina ba, ai kullum haka take yi. Na dawo Dutse da murnata, har na leƙo shagonki na ce miki kaya sun yi kyau, Inna tana godiya. Kika ce in gaya wa mutanen rugarmu su ma su zo.

Na uku, abin da ya faru da sana'arta. Wannan ne ya sa na rubuta.

Mai sayar da nono da hannunta take ciniki. Da shi take gutsura fura, da shi take damawa, da shi take miƙa wa mutum. Mai saye hannun yake kallo. Yanzu hannun Inna ya zama kala biyu, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi ƙirin, sauran ya yi fari yana saɓa. Fuskar kuma ta yi dabbare-dabbare. Direbobi da masu keke da ma'aikatan ƙaramar hukuma da suka saba zama a bencinta, sai suka fara wucewa wajen ta kusa da ita. Akwai wani direba, Malam Idi, tun yana kwandasta yake shan furarta, in ba shi da ko sisi ma dama masa take yi. Goggo ta ce ya tsaya ya gaishe ta da ladabi, ya yi mata sannu, sannan ya ce yau azumi yake. Jim kaɗan aka gan shi a can ƙarshen layi da ludayi a hannu. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da ban san dalili ba, ban san abin da zan yi ba.

Wasu suka ce ciwo ne da ake ɗauka. Wasu 'yan tasha kuma suka riƙa dariya, wai tsohuwa ta shiga bilicin, wai ko sabon aure za a yi. Matar da ko madubi ba ta da shi sai ɗan guntun da yake maƙale a jikin bukka. Ta riƙa dawowa da nono yadda ta tafi da shi, ya yi tsami a raba wa yara. Daga baya ta daina zuwa. Wannan nonon shi ne gishirinmu da man miya da sabulu da takalman ƙannena, don Baffa, wato babana, yana can kudu da shanu sai damina. Kuma a gindin bishiyar nan in mace ta daɗe ba ta zo ba, wata ce take ajiye ƙwaryarta a wurin, shi ke nan ya zama nata. Yanzu Goggo ce take zuwa ta zauna a wurin don kada a cinye, ita da ciwon ƙafa yake damunta.

Sai da Goggo ta hau mota ta zo har wurin wankin mota ta same ni sannan na ji. Da na je na ce dole sai na gani, Goggo ce ta janye mayafin. Inna ta rufe ido.

Na huɗu, abin da kika ce min da na dawo.

Ranar nan kin saurare ni, na gode. Amma kin ce fatar ce take fitar da datti, wai akwai wani man gyara da zan ƙara saya ya daidaita ta. Sannan kika ce ai kowa ya san mai shafa irin wannan ba ya shiga rana, in dole ne ta riƙa riƙe lema. Hajiya, ba kowa ne ya sani ba. Ni ban sani ba. Kuma mace da ƙwarya a ka, da ƙaramar ƙwarya a kan babbar, da kwanon fura a hannu, ta ina za ta riƙe lema?

Mun kai ta asibiti. Malamar da ta duba ta ta tambaye ni me yake cikin man. Na miƙa mata robar, ta juya ta ta juya, ba ko harafi. Ta ce in ba ta san abin da aka zuba ba da lalube za ta yi magani. Ta ce a daina komai, a wanke da ruwa da sabulu mara ƙarfi, a shafa man kaɗanya, a nemi inuwa. Na tsaya ina jinta. Ban da inuwar, kusan duk abin da Inna take yi ke nan tun kafin a haife ni.

Ni ban ce sana'arki haramun ba ce. Wataƙila matan da suke fita daga gida su shiga mota, su fita daga mota su shiga ofis mai sanyi, yana yi musu amfani. Ban sani ba. Abin da na sani, Inna ba ta taɓa cewa fuskarta tana damunta ba. Ba wanda ya taɓa ƙin shan furarta don goshinta ya yi duhu. Da atamfa na saya mata, ko takalmin roba mai kyau na tafiya, da yanzu tana gindin bishiyarta.

Ga roƙona, kuma ba kuɗina nake nema ba.

Ki rubuta min sunan abubuwan da kika zuba a robobin nan a 'yar takarda in kai wa malamar asibiti. Ba zan nuna wa kowa ba sai ita, na rantse, ba sirrin kasuwarki nake so ba.

In wani irina ya sake shigowa, ki tambaye shi wa zai shafa, a ina yake wuni. In kin ji mai tallan nono ce ko mai zuwa gona, ki ce masa ya mayar da kuɗinsa aljihu. Zai yarda da ke, yadda na yarda.

Na ƙarshen shi ne babba, kuma na san da nauyi. Kiyawa ba nisa. In kin samu dama ki zo da motarki gindin bishiyar nan, ki zauna a bencin Inna ki sha furarta mutane suna gani. In 'yan tasha suka ga babbar Hajiya daga Dutse ta karɓa daga wannan hannun ta sha, za su san ba ciwo ba ne. Ni in na faɗa za a ce ɗanta ne. Motar kuma in ta yi datti a hanya ni zan wanke, kyauta.

Inna kuwa, har yau abu ɗaya kawai ta aiko Goggo da shi. Ta ce, "A gaya wa yaron nan man ya ƙare, an gode. Kada ya sake wahalar da kansa."

Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki zuri'a, ya sa albarka a kasuwarki, ya tsare ki da ganin irin wannan a jikin naki. Ban riƙe ki a zuciya ba, amsa kawai nake jira.

Zan tsaya a nan, dole in tafi. Goggo ta bugo ta ce fatar ta ɗan lafa, Inna ta ce yau za ta gwada komawa kasuwa. Na roƙi oga ya ba ni yinin yau, kuma motar Kiyawa ta kusa cika. Ban san ko wani zai zauna a bencin ba. In ba kowa, ni zan zauna in ce a dama min, in sha a gabanta kowa yana kallo. Na san za ta ji kunya, ni ma haka.

Wassalam, na bar ki lafiya.

Juli, mai wankin mota,
Dutse.