Tirelar Baba Ba Ta Rawa

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan ke da Baba kuna lafiya.

Na kalli bidiyon da kika turo na Baba yana wasan tuƙin tirela a kwamfuta. Gaskiya hankalina ya tashi. Motar sai ta tsaya cak, ta zabura, can kuma sai ga ta a gefen titi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyarin babbar mota ba zai yi tuƙi haka ba, sai dai idan hannun nan da ya shanye bara ne ya soma komawa baya. Ki cire masa sitiyarin wasan nan. Na yi magana da Kawu, mun ga gara Baba ya dawo wurina da zama, kusa da asibiti.

Ki gaida shi da jiki.

Yayanki.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai kewar yaranka.

Yaya, kwantar da hankalinka. Ina zaune a gefensa lokacin da yake tuƙin nan, a kan allo motar sumul take tafiya. Laifin na ɗaukar bidiyon ne. Bidiyo ai hotuna ne birjik da ake jerawa da sauri. Idan kwamfuta ta gaji, wasa na ja, manhajar ɗauka na ja, sai ta riƙa zubar da wasu hotunan a hanya. Shi ne kake ganin mota na tsalle.

Likitar gashin ƙashi ce da bakinta ta ce ya ci gaba da wasan, yana motsa masa yatsu da kafaɗa.

Abin da ya ɓata mini rai, Kawu bai iya riƙe magana ba. Ya zo ya fesa wa Baba komai. Tun ranar Baba bai ƙara taɓa sitiyarin ba. Yana zama a bakin taga yana murza hannun, jiya har ya ce mini, "Auta, ko dai ni ne ba na ganin kaina?"

Ka ba ni zuwa ƙarshen mako. Zan gyara.

Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Salam. Na karanta. Na san ki da kare Baba tun kina ƙarama, ko tari yake yi sai ki ce gyaran murya ne. Ba na ƙaryata ki, amma ido na yarda da shi. Idan ƙarshen mako ya wuce ban ga wani abu dabam ba, zan zo da mota.

Yayanki.

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ka bar motarka a inda take.

Da farko na ɗauke kwamfutar daga kan katifa, ashe bargo ya toshe mata fanka, tana ta huci kamar dutsen guga. Na ɗora ta a tebur. Sannan na shiga saitin manhajar ɗaukar bidiyon, na karɓe aikin haɗa bidiyo daga furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na miƙa wa katin hoto, ɓangaren da ke zana hoto a allo, don shi ne mai ƙarfin wannan. Na rage girman hoton kaɗan, na taka wa wasan birki kada ya wuce hoto sittin a daƙiƙa, na rufe tarkacen shafukan intanet da na bari a buɗe.

Na gwada da kaina, rawar motar ta ragu amma ba ta daina ba. Na bi a hankali, sai na gano tsohon filashina nake tura wa bidiyon, shi kuwa ba ya iya haɗiya da sauri. Ina mayar da ajiyar cikin kwamfuta, lambar da manhajar ke nunawa ta hotunan da suka zube ta tsaya a sifili.

Aikin da ya fi wuya shi ne Baba. Ya ce ya gama da tuƙi. Sai na zauna na ɗauki tirelar da kaina, na riƙa hawa kan shingen titi da gangan. Bai jima ba na ji muryarsa a bayana: "Ke! Haka ake shiga kwana da kaya? Buɗe ta, buɗe ta! Tashi ki ba ni wuri."

Na jingina wayata tana ɗaukar hannunsa, na haɗa hoton hannun da na allon gefe da gefe. Ga shi nan na turo. Ka kalli inda ya shigar da tirela da baya tsakanin motoci biyu, ka gaya mini wane hannu ne ya koma baya.

Ƙanwarka, Auta.

*

Ɗana Babba,

Ni ne da kaina, ka yi haƙuri da rubutun, layin ya ɗan karkace.

Auta ta ce ka kira kana kuka. Ba komai, Allah ya yi maka albarka. Ka zo da motar, amma ka zo da yara. Ina so in ga yadda kake fakin, an ce har yanzu sai maigadi ya tsaya yana yi maka hannu.

Mahaifinka.