Kada a Taɓa Ruwan Ninƙaya

Assalamu alaikum, Hajiya Aina'u. Maganar nan ta shafe ku, da Fanna mai wanki, da jikokinku Indo da Zakariyya, da Kamilu mai gyaran wuta, da ni Labaran.

Yau Asabar na je aikin mako a wurin ninƙaya. Na tarar da kwaɗi uku da tattabara guda a saman ruwa, duk matattu. Na kwashe su da raga, na zuba magani, na kunna injin tace ruwa. Da na dafa tsanin ƙarfe zan goge bango, wuta ta ja ni har kafaɗa. Har yanzu yatsuna biyu ba sa riƙe alƙalami sosai.

Na kashe injin, amma ban amince ba, domin idan aka tayar da janareta yakan tashi da kansa. Wayar Kamilu ba ta shiga, don haka na tafi Panshekara in taho da shi. Kun fita gaisuwa, Fanna ba ta iso ba, shi ya sa na bar muku wannan takarda.

Kada kowa ya kusanci ruwan. Ku gaya wa Fanna da bakinku, domin idan famfo ya ɗauke, can take ɗiba da bokitin ƙarfe ba tare da tambaya ba. Yaran kuma daga Islamiyya can suke wucewa kafin su gaishe ku.

Idan na yi kuskure a rubutu, a gyara mini. Batun ruwan kuwa, kada a sa hannu don a gwada ko na yi daidai.

Labaran