Makunni Uku, Ƙwan Lantarki Ɗaya

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau, sai gajiya da ta zama rigar sawa. Ƙafar Innarku ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa a tsaye, ka ga kuwa an samu lafiya. Na yi ta kiran wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba direban da ke zuwa wajenku wannan takarda.

To Babana, ubanka ya ɗebo ruwan dafa kansa. Ka tuna wasan ƙwaƙwalwar da ka turo mini a waya, na makunni uku a waje da ƙwan lantarki ɗaya a rufaffen ɗaki, wai sau ɗaya za ka shiga ka faɗi wanne ke kunna shi? Rubutun ya yi wa idona ƙanƙanta, sai na roƙi sakatariya ta sa mini shi a kwamfutarta. Za ta tafi salla ta nuna mini inda zan danna ya fito a takarda. Na danna, firintar da ke gabana ko tari ba ta yi ba. Ka san karatuna bai yi nisa ba, ni a ganina na'ura kamar jaki ce, in ta ƙi tafiya ƙara mata ake yi. Na yi ta ƙara mata har yatsana ya gaji. Ashe kwamfutar da firintar Manaja take haɗe, can sama, shi kuwa yana zaune da baƙi. An ce takarda ta yi ta zuba har ƙarƙashin kujerunsu.

Ka san halin da muke ciki. Ana maganar rage ma'aikata, kuma tun da saƙo ya koma bin waya, masinja irina yini yake a benci yana gaida masu wucewa. Ana cikin haka aka kira ni sama. Manaja ya ɗaga takarda ɗaya ya tambaye ni ta wa ce. Bakin nan nawa da bai taɓa shawara da ni ba ya ce tawa ce, ni na ƙirƙira don wasa ƙwaƙwalwar ma'aikata. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce in faɗi amsar. Na ce masa in an tauna wa mutum abinci ba ya jin garɗinsa. Ya yi dariya ya sallame ni.

Tun ranar ofis bai zauna lafiya ba. Manaja da kansa ya sauko yana gwada makunnan bakin sito, ya kashe wanda ke ba kwamfutar akanta wuta, aikin da bawan Allah ya yini yana yi ya bi iska. Ba mai iya hararar Manaja, sai aka koma hararata. Sakatariya kuwa da ta ji takuna take rufe kwamfutarta da mayafi. A gida na kunna na kashe har Innarku ta ce in na ƙona mata ƙwai in nemi wurin zama. Na gaji, Babana. Mutum da furfurarsa yana yawo da murmushin wanda ya san amsa, alhali kansa fayau.

Abin da ya hana ni faɗin gaskiya, shekara da shekaru Manaja bai san fuskata ba, yanzu har tsayawa yake a benci yana kirana Mai-makunni. Wanda ake zolaya, hannu kan yi nauyi wajen soke sunansa. Ya ce a taron ƙarshen wata, wanda a cikinsa za a tsayar da waɗanda za a sallama, ni zan tashi in warware wa kowa. Don Allah ka ba direban nan amsar, da manyan baƙaƙe, dalla-dalla yadda ko ni zan gane. In kai ma turo maka aka yi ba ka sani ba, ka bi mai shi har gida.

Ka gaida surukata, da Kawunka na bakin tasha, da amaryata ƴar ƙarama, ka ce mata angonta na nan, haƙora ne kawai suka ragu. Innarku da Auta suna gaishe ku. Sannan ka haɗo mini da wasu irinsa masu amsa a jiki, domin jiya Manaja ya ce daga yanzu duk mako in kawo sabo, na kuwa ce masa suna nan buhu-buhu.

Ni ne ubanka,
Mai-makunni