Ba lauje ba ne, Yaya Sabi'u

Assalamu alaikum, Yayana. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ni ce Hansatu, mai taurin kan nan taka.

Ka tuna shekarar da Baba ya ɗora maka tsaron geronmu a Gwiwa, kai kuma ka zaunar da ni da gwangwanin korar tsuntsaye ka gudu kasuwa? Wallahi zaman nan kamar ya kashe ni, ba kowa sai rana da ƙuda. Na zaro kara daga danga, na ciro rezar da nake ɓoyewa a ɗankwali. Na fere totuwa na yi gado da kujeru, na yi tabarau, har da mota mai ƙofa. Duk yatsuna sun yayyanke, ko a jikina.

Tsuntsaye kuwa suka yi biki a kan zangarniya.

Da ka dawo ka ga ɓarnar, ka kwaɗa mini mari har kunnena ya yi ƙara. Marin na haɗiye. Amma da ka sa ƙafa ka murƙushe motata kana cewa, "Ga aikin banzanki nan," idona ya rufe. Na daka tsalle na tsarga maka reza daga kunne har haɓa. Jini ya wanke maka riga, ni kuma ina ta ihu ina tattara karana.

A gida ka ce wa Baba a kan lauje ka faɗi. Ya ga geron da aka cinye, ya ɗauko igiyar shanu ya yi ta zabga maka da ɗanyen ciwonka, har Inna ta faɗa a kanka. Ina laɓe bayan rumbu, ban ce uffan ba. Tsoro ne, Yaya, tsoro tsagwaronsa.

Shekara talatin ina kallon tabon nan ina cewa gobe zan roƙe ka gafara. Ranar sadakar ukunka, 'yarka Zainabu tana nuna mana hotonka ta ce, "Lauje ne ya yanke shi yana yaro." Na sake yin shiru, tir da ni.

To yau bari Zainabu ta karanta wasiƙar nan, kowa ma ya karanta: ni ce, ba lauje ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya suturta ka kamar yadda ka suturta ni. Na makara, Yaya. Ka yafe mini.

Ƙanwarka,
Hansatu