Ƙafar Lombe

Kitwe, 9 ga Janairu

Zuwa ga Lombe, abokin wahalata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya jiki? Ya matarka Bana Mwaba da ɗawainiya? Na ji likitoci sun yanke maka ƙafar dama saboda sugan nan. Sau biyu ina zuwa tashar motar Kasama, sau biyu ina juyowa gida. Ka zage ni, na cancanta.

Ƙungiyar kiɗanmu ta Ƙahon Yariko tana nan, amma ba yadda ka bar ta ba. Sun kawo wani Sikazwe ya gaji gangunanka. Hannunsa ba laifi, sai dai sun kai shi can baya sun kewaye shi da gilashi kamar kifin ado, kowa kuma an cusa masa wata 'yar na'ura a kunne mai ƙirga bugu. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da jitar bes a kiɗan rok na coci, tun dattawa na cewa kayan Shaiɗan muka shigo da su gaban bagade, amma wai yau ni ne nake shiga waƙa a makare. Ranar Lahadi har mawaƙa suka waiwayo suna kallona. Fasto ya ce, da murmushin nan nasa, taron Ista ne zai nuna ko lokacin hutuna ya yi.

In suka karɓe igiyoyin nan huɗu, Lombe, ban san abin da ya rage min ba.

Naka,
Kangwa

Kasama, 24 ga Janairu

Kangwa, tsohon banza,

Na amsa gaisuwa. Jiki da sauƙi. Ƙafar da aka binne har yanzu ƙaiƙayi take min, in rediyo ya sa waƙa sai in ji tana bugawa. Bana Mwaba tana gaishe ka. Ta rage min tuwon nshima ya koma kamar lomar jariri, yunwa za ta kashe ni kafin suga.

Bar zancen Fasto tukuna. Sau goma sha ɗaya na kira wayarka ba ka ɗauka ba. Kai da ko sunanka kake ƙyuyar rubutawa, yau kai ne da wasiƙa? Kuma yaushe ka fara makara a waƙa? Ko ranar da janareta ya mutu mana a Ndola, da tafi ka riƙe jama'a har aka gyara. Akwai magana. Na fi so ta fito daga hannunka.

Ɗan'uwanka mai ƙafa ɗaya,
Lombe

Kitwe, 6 ga Fabrairu

Lombe,

Gaisuwa. To, ga ta.

Kunnena ya tafi. Na hagu ya mutu shekara shida ke nan, na dama saura ƙiris. Tsayuwa jikin sifika ta ci su. Duk shekarun nan ba jin babbar gangarka nake ba, ƙafar da kake buga ta da ita nake kallo. Diddige ya ɗaga in shirya yatsa, ya sauka in ja igiya. Yanzu Sikazwe na bayan gilashi, na'urar kunnen kuwa daidai take da tsakuwa a wurina.

Ban faɗa wa kowa ba. Ta yaya? Fasto na kiran kurame su fito a yi musu addu'a, ni ina bayansa ina ba shi kiɗa. Da na fito, da sun ɗora min hannu sati uku, na huɗu su ɗora wani a gurbina.

Ga abin da ya hana ni shiga mota. Ranar da aka ce an yanke ƙafarka, kaina na fara yi wa kuka kafin kai. Da wane ido zan dube ka? Kunya ta ishe ni, baƙin ciki kuma ya fi ta.

Ka yafe min in za ka iya.
Kangwa

Kasama, 20 ga Fabrairu

Kangwa, sakarai,

Gaisuwa da yafiya, ka riƙe duka biyun.

Kai a tunaninka ban sani ba? Don me na kwaso ganguna daga baya na dawo gefenka, na ce wai zafi ya dame ni? Don me nake naɗe wando ƙafa ɗaya har matan mawaƙa na min dariya? Tun a Mufulira na gane, ranar da na ce maka matata ta haihu ka ce min "shinkafa zan ci". Jira nake ka faɗa, kai kuwa taurin kai kamar jakin Fir'auna.

Kukan da ka yi wa kanka ba laifi ba ne. Ƙafar tamu ce mu biyu.

Zan zo Ista. Ka samo min kujera a layin gaba. Ina horar da ta hagu a kan wani katako, Bana Mwaba na rera min waƙoƙin. Wawuya ce ƙafar, amma tana koyo. Kai dai kada ka fasa zuwa gwajin kiɗa.

Sai na zo,
Lombe

Kasama, 25 ga Maris

Baba Kangwa,

Ina gaishe ku da girmamawa. Ni ce Bana Mwaba.

Abokinku ya huta ranar Talata, mun binne shi Juma'a. Ciwon ya taɓa ƙoda. Shi ya hana a sanar da ku, ya ce za ku bar gwaji ku taho. Ku yi haƙuri.

Da ya ga ba zai tashi ba, sai ya sa na zauna a bakin gadonsa da katakon. Bugun waƙa tara ya koya min da ƙafa. In na kuskure ya mintsine ni, har ranar da hannun ya daina. Ni ban iya kiɗa ba, Baba Kangwa, amma ya ce ba na makara.

Zan iso Kitwe ranar Asabar, jajibirin Ista, da motar safe. Ku bar kujerar inda take. Zan ɗage zanina kaɗan don ku ga diddigen.

Taku cikin Ubangiji,
Bana Mwaba