Kogon Da Ka Rubuta

Zuwa ga yayana Zaharaddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Fiddausi da yara, Allah ya ƙara muku lafiya a ƙasar mutane. Mu nan Tsafe alhamdulillahi, ƙafar Inna ta yi sauƙi, gero kuma ya fara nuna.

Littafinka na tarihin ƙauyukanmu ya iso Gusau. Inna ba ta iya karantawa, amma ta nannaɗe nata a zane, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa hotonka, tana cewa har ka fi kyau a takarda. Wallahi na yi alfahari da kai, sai da na kai babin kogo, gabana ya faɗi.

Yaya, ka san ba a gaya wa namiji hanyar kogon nan sai ranar ɗaurin aurensa, baƙo kuwa ba ya ji har abada. Kawu Mu'azu ya ce ya kai ka can ne don kai jininsa ne. Kai kuma ka rubuta komai, tsamiyar, da rafin, da tsagar dutsen da ake shiga a sunkuye. Ka ce can kakanni suke ɓuya a zamanin hare-hare, kamar abin ya wuce. Ka daɗe ba ka zo ba. Tun da 'yan bindiga suka matsa mana, can ake kai mata da yaran ƙauyenmu in an ji ƙarar babura. Hajara ɗiyar Kawu ma a ciki ta haihu bara.

Wani malami ya karanta babin a rediyo, yana ta yabonka. Ranar kasuwa sai ga baƙi biyu a kan babur, suka sayi rake wajen Dogo, suna tambayarsa ko tsamiyar da aka faɗa tana nan. Dogo ya ce ba su yi kama da masu karatu ba. Shekaranjiya aka ga sawun taya a bakin rafin.

Ina jin tsoro, Yaya. Ka hana a sake bugawa, ko da yake wanda ya ji ya riga ya ji. Kawu bai yi fushi ba. Kullum shi da maza suna cikin duwatsu neman wani wurin, ba su samu ba, ga kaka ta matso, lokacin da 'yan bindigar suka fi zuwa.

Yarana Ladidi da Mahadi suna gaishe ku. Inna ta ce in tambaye ka, tun da ka san ƙasar nan sosai, ko akwai wani kogon da ba ka rubuta ba.

Ƙanwarka,
Hanatu